Gahawa Ta Huce a Gidan Dakta Adib

Shafi na 17

Waɗanda suka same mu a tsakiyar tafiya suna ta tambayar wane ne wane. Ku matso, ga su nan a taƙaice, sannan mu shiga falon tare.

Su uku ne a gidan: Nazih, da matarsa Hiyam, da 'yarsu Ruba mai shekara tara. Suna zaune a ƙauyensu cikin kwarin Biƙa, gabas da birnin Bairut, a gidan da mahaifin Nazih ya fara ginawa bai ƙarasa ba, har yau ƙarafan bene suna tsaye a kan rufin suna tsatsa. Ba su rasa abinci ba. Suna da 'yar gonar inabi, kuma Hiyam tana koyarwa a firamare. Abin da suka rasa, tun ranar da aka rufe bankin da Nazih yake aiki, shi ne amsar da za su ba mutane idan an tambaya me maigidan yake yi yanzu.

Zaman banza ne ya kai shi tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta masu aikin sa kai, a cikin motar nan kuma son likitanci ya kama shi. Ya koma aji da yamma a Zahle, yana zama cikin yaran da suke ce masa Baffa. Ya zauna jarrabawar shiga makarantar likitoci ta Bairut, ya ci da kyau. Sai dai makarantar tana duba digirin farko, nasa kuwa da ƙyar ya tsallake. Wata mata a ofishinsu ta gaya masa gaskiya: da irin wannan sakamakon ba za a ko kira shi ganawa ba, sai in wani babban likita da makarantar ta sani ya rubuta takarda ya tsaya masa.

Irin wannan likita ɗaya ne a duk yankin. Dakta Adib, likitan zuciya, yayan Hiyam, kawun Ruba.

A shafin da ya wuce mun bar Hajji Subhi, baffan Nazih, yana ba shi shawara cewa kada ya je a ɓoye kamar mai bara. A je irin ta iyaye, ranar Juma'a, falo cike da mutane. Yau ga Juma'ar ta zo.

*

Ruba ce ta ɗauko tiren gahawa, domin 'ya'yan Kawu Adib duk suna ƙasar waje. Matar kawun ta gyara mata riƙon, ta ce ta fara da tsofaffi, kuma kada ta kalli finjalan, ta kalli gabanta.

Falon ya cika kamar kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ga mai unguwa, ga shugaban makarantar da Mama take koyarwa, ga mai kantin magani, ga manoman da suka zo gaisuwa da kwalin tuffa. Kawu Adib yana kan kujerarsa ta kusa da taga, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, carbinsa na rawaya yana lilo a yatsa.

Kowa ya ɗauka ya kurɓa. Da ta zo gaban Hajji Subhi, ya ɗauki nasa, ya dube shi, ya ajiye a kan teburin gabansa. Babanta ma ya ɗauka ya ajiye.

Hirar ta mutu a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ruba ta san wannan. Ta gani bara, lokacin da aka zo neman auren 'yar maƙwabtansu. Baƙin suka ajiye finjalansu ba su sha ba, sai da uban yarinyar ya ce, ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema naku ne. Daga nan mata suka rangaɗa guɗa. Mama ta gaya mata a lokacin cewa babu mai gidan da zai yarda gahawar baƙo ta huce a gabansa, abin kunya ne da zai bi sunan gidan.

Don haka ta koma jikin bango da tirenta, tana jiran kalmomin nan. Har ta fara murmushi.

Kawu Adib bai yi sauri ba. Ya shanye tasa, ya girgiza finjalin alamar ta ishe shi, sannan ya dubi tsohon.

"Lafiya, Hajji? Ni dai ba ni da 'yar da za a nema."

Aka yi 'yar dariya. Hajji Subhi ya dogara da sandarsa ya miƙe. Ya yi salati, ya tuna zumuncin gidajen biyu tun kakanni, ya tuna shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya mahaifin Adib ya kwana a gidansu har aka buɗe. Ya nuna Baba ya ce yaron nan, Abu Taufiƙ, ya yi abin da samari ba su iya ba, ya koma aji da furfura a gemu. Ba kuɗi suka zo nema ba. Layi kaɗan ne da sa hannu, daga ɗan gari zuwa makarantar da ta yaye shi.

Ya zauna yana haki.

Kawu Adib ya gyaɗa kai kamar mai auna maganar. Sai ya waiwayo.

"Ruba, 'yar kawu, gahawar babanki ta huce. Sake masa wata. Da ta Hajji."

Ta duba finjalan. Tururi yana tashi daga cikinsu har yanzu. Amma ta kwashe, ta je ta dawo da sababbi, ta ajiye a inda na farkon suke.

"Shekararka nawa yanzu, Abu Ruba?"

Duk garin Abu Taufiƙ suke ce wa Baba, da sunan mahaifinsa, tunda bai samu ɗa namiji ba. Kawu Adib kaɗai yake ce masa Abu Ruba. Ita da tana jin daɗin haka, tana ganin kawunta ya fi kowa sonta. Yau ne ta fara ganin yadda mai kantin magani yake sunkuyar da kai yana danne dariya idan an faɗa.

Baba ya ce talatin da bakwai.

Kawu ya fara lissafi da 'ya'yan carbi, a fili, ba gaggawa. Shekarun aji, shekarun asibiti, shekarun ƙwarewa. Ya ce in Allah ya sa an gama, in an gama ɗin, mutum ya doshi hamsin, ido ya fara neman tabarau, hannu ya fara rawa.

"Mai unguwa, za ka kwanta a gabansa?"

Mai unguwa ya shafa ƙirjinsa ya ce shi dai zuciyarsa ta saba da Dakta, ba ta son baƙo. Aka yi dariya, wannan karon da ƙarfi.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya yi magana da muryar da yake koya wa Ruba lissafi. Ya ce ya san shekarunsa, kullum da safe gwiwarsa tana tuna masa. Ya ce ba wuƙa yake nema ya riƙe ba. Tsakanin ƙauyen nan da asibitin Zahle ya sha zama a bayan mota yana riƙe da hannun mutum, mutumin yana kallonsa yana jiran ya yi wani abu, shi kuma bai san abin yi ba sai addu'a. Ɗan ɗaki yake so a nan garin, da gado ɗaya, inda tsohuwa za ta zo a duba ta ba sai ta nemi kuɗin mai ba.

Wani manomi ya ce Allah ya ba da iko, a hankali, sannan ya dubi Dakta ya sunkuyar da kai.

"Mai wanke mini mota ma kullum yana tare da ita," in ji Kawu Adib. "Yana sonta ƙwarai. Har yau bai ce zai ƙera irinta ba."

Ya ɗaga yatsa ba tare da ya kalli Ruba ba.

"Ruba. Ta huce."

A kicin mata suna naɗe ganyen inabi da shinkafa, rediyo yana yi ƙasa ƙasa. Mama ba ta cikinsu. Tana tsaye a bayan ƙofa, hannunta duk mai, ta jingina kunne da katako. Ta tambayi Ruba ko ya sha. Ruba ta ce a'a. Mama ta rufe ido, ta ce ta yi maza, kada ta zubar.

Matar kawu ta zuba sababbi tana gunaguni cewa gahawa ta yi tsada a zamanin nan da za a riƙa zubarwa a kwata.

Da Ruba ta dawo, ta tarar kawunta ya sauke ƙafarsa, ya matso bakin kujera. Yana yi wa mutane bayani ne, a natse, kamar yadda yake yi wa mara lafiya. Ya ce takardar da ake nema rantsuwa ce. In ya sa hannu, ya ce wa malamansa ke nan, wannan mutumin na san kansa, ku ba shi rayukan mutane. To shi ba ya rantsuwa a kan abin da bai gani ba. Abin da ya gani kuwa shi ne digirin kasuwanci da aka ja shi da igiya kafin ya fito.

"Ko na yi ƙarya, Abu Ruba? Nawa ka fita da shi?"

Baba ya faɗi makin.

"Ɗaga murya. Hajji ba ya ji sosai."

Baba ya sake faɗa. Shugaban makaranta ya yi tari ya dubi silin.

Hajji Subhi ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce kowa ya san ƙuruciya. Yaro ne aka sa shi karatun lissafin kuɗi, ransa ba ya so, ya yi wasa. Da kimiyya ya karanta tun farko da an ga aiki. Yanzu da ya same ta, ai ga shi ya ci jarrabawarsu.

Kawu Adib ya yi murmushi. Ruba ta san murmushin, shi yake yi kafin ya yi mata allura.

"Da kimiyya ya karanta. Hajji, ashe kai ma ba a gaya maka ba?"

Baba ya ɗago kai.

"Adib."

"Kai ka tara mutane, ba ni ba."

Ya juya ga falon. Ya ce Nazih da kimiyya ya fara a jami'a, da niyyar likitancin nan dai. Ya faɗi kemistiri. Aka ba shi dama ya sake, ya sake faɗuwa. Aka kira marigayi Taufiƙ har Bairut, aka ce ya ɗauki ɗansa ya nema masa wani sashe, nan ba wurinsa ba ne. Marigayin ya dawo gari ya yanka rago, ya ce ɗansa ya zaɓi banki domin can ne arziki yake.

"Wasunku sun ci naman ragon nan. Mai unguwa, kai na tuna har da guzuri ka tafi."

Ba wanda ya yi dariya.

Hajji Subhi ya ce ƙarya ne. Ya ce ɗan'uwansa da bakinsa ya gaya masa, a gonar inabi, suna zaune su biyu. Taufiƙ bai taɓa yi masa ƙarya ba har ya koma ga Allah.

"Ga ɗansa nan. Tambaye shi."

Tsohon ya juya da dukan jikinsa.

Baba ya dubi finjalin gabansa.

"Gaskiya ne, Baffa."

"Ka bar ni na miƙe a gaban mutane."

"Shekara goma sha takwas nake da ita a lokacin. Ba wancan yaron ba ne ya zo yau."

"Ka bar ni na miƙe," in ji tsohon, kamar bai ji ba.

Daga nan muryar Kawu Adib ta yi laushi. Ya ce shi ba mugu ba ne, kuma ba a taɓa fita gidan mahaifinsa hannu wofi ba. Takardar makaranta kam ba zai rubuta ba, ko yau ko gobe, kuma in wani abokin aikinsa ya tambaye shi zai faɗi abin da ya sani, domin amana ce. Amma asibitinsa na Zahle yana bukatar mutum a bakin ƙofa, mai yanka kati, mai karɓar kuɗi, mai cewa wane shigo, wane jira. Aiki ne da ya dace da tsohon ma'aikacin banki. Har farar riga zai ɗinka masa in yana so, tunda ita ce abin sha'awar.

Ya buɗe hannuwansa biyu.

"A kan wannan, ku sha gahawarku."

Kalmomin da Ruba take jira ke nan tun ɗazu. Ta saurara ko za ta ji guɗa daga kicin. Rediyo kawai take ji.

Hajji Subhi ya miƙa hannu. Ya ɗauki finjalinsa. Baba ya riƙe masa hannun riga, ya ce Baffa, don Allah. Tsohon ya fizge. Ya ce shi ne babba a gidan Taufiƙ, shi ya kawo maganar, shi zai rufe ta. Yaro yana da mata da 'ya, ya isa haka.

Ya shanye a kurɓi ɗaya.

Nan take falon ya numfasa. Mai unguwa ya ce madalla, a yi fatiha. Hannuwa suka tashi. Kowa a wurin ya san cewa idan babban gida ya sha, an gama, wanda ya tayar da maganar bayan haka ya tozarta tsohonsa. Mai kantin magani har ya miƙo hannu yana yi wa Baba murnar sabon aiki.

Baba bai ɗaga hannu ba. Finjalinsa yana nan a cike. Sai da aka shafa, sannan ya yi magana, kuma bai ɗaga murya ba.

"Maganar ragon nan, mutum ɗaya na taɓa gaya wa a duniya. Wa ya gaya maka?"

Kawu ya ce a bar wannan, abinci ya kusa.

"Wa ya gaya maka, Adib?"

"Wadda ta fi ka tausayin 'yarka."

Ya faɗe shi yana gyara zaman agogonsa. Ya ce ƙanwarsa ta same shi a asibiti tana kuka, har ta sumbaci hannunsa, abin da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifinsu. Ta ce mijinta zai sayar da gonar inabi ya tafi Bairut ya zauna a aji, ya bar ta da yarinya da albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Ta roƙe shi ya ƙi. Shi ya ce zai kira shi gefe ya ƙi a mutunce. Ita ce ta ce a'a, in aka ƙi shi a ɓoye zai nemi wani likitan, ta san taurin kansa. A bari ya zo da gahawarsa, a ƙi shi yadda ba zai sake tashi ba.

"Ni aikin da aka ba ni na yi. Kuma na ƙara maka da alheri."

Ruba ba ta san lokacin da tiren ya karkace ba, sai da cokali ya faɗi ya yi ƙara a kan tayil. Kowa ya dube ta. Ta durƙusa ta ɗauka.

Baba ya miƙe. Ya ɗauki finjalinsa da hannu biyu, ya zo har inda take, ya ɗora mata a kan tiren a hankali don kada ya zube.

"Mayar musu da kayansu, 'yata. Ki ɗauko takalmanki."

Ya yi wa falon sallama. Mutum biyu ne suka amsa.

*

Motarsu tana ƙarƙashin rumfar inabin ƙofar gida. Ruba ta shiga baya. Baba ya zauna a gaba, ya sa makulli bai murɗa ba. Can sai ga Mama da sauri, mayafinta a karkace, ba ta ko wanke hannu ba. Ta shiga ta rufe ƙofa.

Ita ta fara magana, kuma ba ta tsaya ba. Ta ce ƙarya yake yi. Adib yana da abokai a jami'ar nan tun suna samari, waya ɗaya zai buga a karanta masa komai. Bai taɓa son auren nan ba, Nazih ya sani, tun ranar ɗaurin aure yake cewa ta yi ƙasa. Yanzu ya ga hanya yana so ya raba su. Ta ce ta yaya za ta yi masa haka, ita da take dafa masa shayi yana karatu, ita da take yi masa tambayoyi daga littafi har muryarta ta dushe.

Baba ya ce abokan jami'a ba su san da rago ba.

Ta ce garin nan wa ya iya ɓoye abu. Wataƙila mahaifinsa ya gaya wa wani kafin ya rasu.

"Ya ɓoye wa ɗan'uwansa, ya gaya wa wani?"

"To ni ban sani ba. Ni dai ban je ba. Rabona da asibitinsa tun ciwon Ummarmu."

"Ki rantse."

Ta rantse da ran Ruba.

Baba ya ɗora goshinsa a kan sitiyari. Daga cikin gidan ana jin ƙarar faranti, an fara zuba abinci. Wani ya yi dariya, aka rufe taga.

Da ya ɗago, idonsa ya yi ja, amma muryarsa tana nan yadda take. Ya ce zai faɗa mata abin da zai yi, don kada ta ce bai faɗa ba. In Adib ƙarya ya yi mata, to gahawar da Baffa ya sha a kan ƙarya aka sha ta, ba ta ɗaure kowa ba. Yanzun nan zai koma falon ya ƙaryata shi a gaban mutanen da ya tara, gobe kuma ya kama hanyar Bairut, ya bi asibitoci ƙofa ƙofa har ya samu likitan da zai saurare shi kafin a rufe karɓar takardu.

In kuwa gaskiya ya faɗa, to shi ya haƙura. Littattafan a ba wa mai gasa masara ya riƙa naɗewa da su. Zai je ya zauna a bakin ƙofar Adib ya yanka kati, har farar rigar zai sa, tunda haka ake so.

"Amma ke ki sauka a nan. Gidan yayanki ne, akwai ɗakuna."

Mama ta ce ya ji tsoron Allah. Ta ce ta riga ta rantse, me kuma yake so.

Baba ya miƙa hannu. Ya gyara madubin gaba har ya samu fuskar Ruba a ciki.

"Ruba."

"Na'am, Baba."

"Ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba, ko ranar da kika fasa tabarauna."

Mama ta ce kada ya sa yarinya a ciki. Ya ce ita ta sa ta, da ta rantse da ranta.

"Mamanki ba ta zuwa Zahle ba tare da ke ba. Kun je wurin kawunki kwanan nan?"

Ruba ta dubi gwiwoyinta. Akwai ɗigon gahawa a kan farar safarta.

Sun je. Makon jiya ne, bayan an tashi daga makaranta, Mama ta ce za su sayi takalmi. Suka hau bene mai warin magani. Aka zaunar da ita kusa da akwatin gilashi mai kifaye, matar da take bakin ƙofa ta ba ta alewa ta tambaye ta ajinta nawa. Ta bayan ƙofa ta ji Mama tana kuka, ta ji muryar Kawu yana cewa ya isa, ya isa. Da suka fito ba su sayi takalmi ba. Mama ta saya mata askirim mai pistashiyo, wasu 'ya'ya masu kama da gyaɗa, a bakin kogi, ta share mata baki da gefen mayafi, ta ce wannan maganar mata ce, Baba yana da maganar makaranta a kansa, kada a dame shi.

Matar bakin ƙofar ta gan su. Masu jira ma sun gan su, har da wata tsohuwa 'yar garinsu da ta gaishe da Mama da suna.

Mama ta juyo daga kujerar gaba. Ta miƙo hannu ta dafa gwiwar Ruba, hannun yana da sanyi, yana warin man zaitun da lemon tsami.

A cikin madubi Baba yana jira. Bai matsa mata ba. Haka yake jira idan ya ba ta lissafi mai wuya, yana da tabbacin za ta kawo amsar daidai.

"Faɗi, 'yata. Ba wanda zai taɓa ki."

Ruba ta gane cewa in ta ce sun je, Baba zai bar karatunsa, Mama kuma ba za ta koma gida da su ba. In ta ce ba su je ba, Baba zai yarda da ita, ya buɗe ƙofar motar nan ya koma cikin falon ya ƙaryata Kawu, Kawu kuwa yana da shaidu, a sake yi masa abin da aka yi masa ɗazu.